Motar Da Ba Ta Da Gwiwa

A Minna, in ka ji direba ya ce zai kai motarsa wajen mai ƙafa, to Ndaliman yake nufi. Rumfarsa na nan wajen Chanchaga, kafin ka miƙe hanyar Paiko, ƙarƙashin wani mangwaro da bai taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da waya. Aikinsa ƙafar mota ne kawai: sifirin, shokazoba mai shanye jijjiga, da duk wani ƙarfe ko roba da ke tsakanin taya da jikin mota. Sunan ya bi shi har ya taɓa jawo masa wani tsoho daga Zungeru, wanda ya sauka daga babur yana ɗingishi, ya zauna a benci ya naɗe wando, wai an ce masa nan ake gyaran ƙafa. Ndaliman ya ba shi ruwa ya sha, ya kwatanta masa hanyar asibiti. Har yau in ya tuna sai ya yi dariya har da hawaye.

Mutumin Bida ne, ɗan gidan maƙera. Ya taso yana kallon babansa na dukan ƙarfe, sai ya sa a ransa cewa duk abin kirki a duniya mai tauri ne. Da ya zo Minna yana ɗan shekara ashirin, ya tarar ƙasar doya ce. Direbobin a-kori-kura su lafta wa mota doya har gindinta na sharar ƙasa, su zo suna kuka. Maganinsa ɗaya ne tun daga ranar: a ƙara falle. Sifirin ɗin irin waɗannan motoci fallayen ƙarfe ne da aka jera aka ɗaure wuri guda. In masu ƙera mota sun sa biyar, Ndaliman zai mayar da su tara, ya buga bayan motar da tafin hannu, ya ce a je a ɗora mata dutse ma. Kuma gaskiya ne, motar da ta fito daga hannunsa ba ta durƙusawa. Da wannan ya yi suna, da shi ya yi aure, ya gina ɗaki uku, ya kai 'yarsa Husna makaranta har ta gama.

Mutum ne mai kirki, mai fara'a, ba ka zama a bencinsa ka tashi ba ka ci gyaɗa ba. Amma kai, taurin kai! Motarsa ta hawa ƙarama ce, sai da ya cusa mata sifirin ɗin bas. Duk Sallah in sun je Bida, matarsa Rahmatu kan fito tana dafe da ƙugu, tana cewa motar nan dukan mutum take yi. Shi kuwa sai ya ce ai ƙarfi ke nan, ita ce ba ta san mota ba. Ta fara tafiya da matashin kai ɗaya, ta koma biyu. Daga baya ta ce gara ta riƙa riga shi da kwana ɗaya a motar haya, don ta taya mutanen gida girki. Ndaliman ya yaba mata ƙwarai, har yana ba abokansa labarin irin son zumuncin matarsa.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da tukwane suka shigo maganar.

Akwai wani direba ɗan Paiko, Shekwolo, wanda ya fi shekara goma yana kawo masa mota. Da kakar doya ta wuce aiki ya yi sanyi, sai surukarsa, Mama Elizabet, ta ba shi jigilar tukwane. Ita ce babba a cikin matan da ke ginin tukunya a wani ƙauye bayan Paiko, kuma daga ƙauyen zuwa bakin kwalta hanyar duk kwazazzabo ce. Tafiyar farko, cikin tukunya arba'in, goma sha ɗaya suka iso kasuwa a tsage, duk da ciyawar da aka shimfiɗa musu. Shekwolo ya zo rumfa fuska a murtuke. Ndaliman ya leƙa ƙasan motar, ya ce ai ga matsalar nan a fili, ƙafar ta yi laushi. Ya ƙara falle ɗaya kowane gefe.

Tafiya ta biyu ta fi ta farko muni. Har da wata babbar randa da Mama Elizabet ta yi kwanaki tana ginawa, ta rabe gida biyu. Matan suka ce in aka sake ko sau ɗaya ne, za su nemi wani direba, suruki ko ba suruki ba. Shekwolo ya dawo ya zauna a benci, ya ƙi cin gyaɗa. Da ƙyar ya faɗi abin da ya fi ciwo: a tasha an fara cewa hannun Oga Nda ya tsufa, wasu ma sun daina ce masa mai ƙafa, sun koma ce masa mai fasa tukunya.

Wannan magana ta soki Ndaliman. Shekara talatin da 'yan kai yana gina suna, a ce tukunyar ƙasa ce za ta rushe shi? Ransa ya ɓaci, kuma ya ji tsoro, don a karon farko bai san abin da zai yi ba. Abin da ya sani shi ne ƙara falle, ga shi ya ƙara abin ya ƙi.

Washegari da hantsi sai ga Shekwolo ya dawo, da wata 'yar tsohuwa a gaban mota, siririya, rungume da tulu. Mama Elizabet ce ta zo ganin makaniken da idonta. Suka gaisa, ya ce mata sannu da hanya Mama, ta amsa a taƙaice. Ba ta kalli motar ba ma. Ta ce a cika mata tulun da ruwa har baki. Da aka cika, ta ce Ndaliman ya sunkuyo, ta ɗora masa a kafaɗa, yadda matan Gbagyi irinta ke ɗaukar kaya, don su ba a ka suke ɗorawa ba. Ta ce ya taka daga gindin mangwaro zuwa bakin kwata, amma kada ya kuskura ya lanƙwasa gwiwa.

Direbobi uku ne a benci ranar, kuma ga wata mai sayar da lemo ta matso. Ndaliman ya so ya ƙi, amma wa zai yi wa tsohuwa musu a gaban jama'a? Ya sandare ƙafafu ya fara takawa kamar an ɗaura masa sanduna. Taku na biyu ruwa ya fantsamo masa a kunne. Kafin ya kai kwata, rigarsa ta jiƙe sharkaf har aljihu, direbobin nan kuwa har da mai faɗowa daga benci don dariya.

Tsohuwa ta sa aka sake cika tulun. Ta ɗora a tata kafaɗar, ta bi ta inda ya bi, ta ma ratsa ta kan tarin tsofaffin ƙarafa, ta tsallake wani rami, ta dawo. Ko ɗigo bai zuba ba. Ndaliman mutum ne da ya saba kallon ƙasa, don haka bai kalli tulun ba, ƙafafunta ya kalla. Ya ga gwiwar na karɓar kowane tudu tana shanyewa, ƙasa na hawa da sauka amma kafaɗar na tafiya a miƙe. Ta sauke tulun a gabansa, ta yi magana da irin Hausarta:

"Ka gani, Malam? Motar da ka gyara ba shi da gwiwa."

Ndaliman ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, haushi ma ya kama shi, don abin a fili yake tun tuni. Doya na da nauyi, ita ke danne sifirin har ya yi aiki. Tukwane kuwa cika mota suke yi ba nauyi, sai bayan motar ya riƙa tsalle a kan kowane dutse, duk dukan yana ƙarewa a jikinsu. Ya matse rigarsa, ya ce wa Shekwolo ya bar masa motar kwana uku.

Wanda ya san Ndaliman ya san abin da kwana ukun nan suka ci masa. Mutumin da bai taɓa cire falle ba sai in ya karye, shi ne ya kwance sifirin yana zare fallayen da ya sa da hannunsa, yana ajiyewa gefe yana tsaki. Ya bar biyar. Sai tunanin kakar doya ya zo masa, don Shekwolo ba zai rayu da tukwane kaɗai ba. A nan ne jinin maƙera ya motsa. Ya ɗauki gajerun falle biyu masu kauri, ya ɗaura su a can ƙasa da 'yar tazara, yadda ba za su taɓa sauran ba sai kaya ya yi nauyi ya danno. Ya sa sababbin shokazoba, don tsofaffin sun daɗe da mutuwa, taurin ƙarfe ne ya ɓoye mutuwarsu. Ya canja robobi, ya rage wa tayoyin baya iska.

Ranar ɗaukar kaya ya rufe rumfa ya bi su har ƙauyen. Aka jera tukunya arba'in da uku da sabuwar randa ɗaya. Shekwolo ya buɗe masa ƙofar gaba, Ndaliman ya ce a'a, shi a baya zai zauna, in za su fashe su fashe a kan idonsa. Haka babban mutum da furfurarsa ya ƙudundune cikin ciyawa tsakanin tukwane, yana dafe randar duk lokacin da ya hango rami. Motar ta shiga ramin farko, ta nutsa, ta taso a hankali. Ta sha kwana a gangaren rafi ba ta wantsala gindi ba. Bai ji ƙas ko ɗaya ba, amma bai yarda ba tukuna, don tsaga ba kullum take yin ƙara ba.

A kasuwa Mama Elizabet ta sa aka sauke su a jere. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa tana kasa kunne, don lafiyayyiyar tukunya amo take yi, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ndaliman na biye da ita kamar mai jiran sakamakon asibiti. Duk suka yi amo. Ta zo kan randar, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta yi murmushi, ta ce a mayar da wannan cikin mota, ta mai ƙafa ce, ya riƙa ba baƙinsa ruwan sanyi. Shekwolo ya rungume shi, yana rantsuwa yau sai duk tasha ta ji.

Murna ta cika shi, amma a hanyar komawa wani abu ya tsaya masa a rai. Ya yi tafiyar nan duka a bayan a-kori-kura, a kan ƙarfe, kuma ƙugunsa bai yi ciwo ba. Sai ya tuna wadda ta saba fitowa daga mota tana dafe da nata.

Washegari bai karɓi aikin kowa ba. Ya ɗaga tasa motar, ya fitar da sifirin ɗin bas, ya mayar mata da irin nata. Da la'asar ya ce wa Rahmatu ta zo ta raka shi madatsar ruwan Tagwai su sayo kifi. Ta yi masa wani kallo, ta shiga ɗaki ta fito da matasan kan nan nata biyu. Suka kama hanya. Suka wuce tudun farko, tana dafe da ƙugu. Suka wuce na biyu, ta gyara zama. Can sai ta zare matashi ɗaya ta jefa kujerar baya, ta tambaye shi me ya sami motar. Ya ba ta labari tun daga tulu har randa, bai rage ko jiƙewar rigar ba. Ta yi dariya har tana share ido.

"Baban Husna," ta ce, "shekara ashirin da biyu ina faɗa maka ba ka ji ba. Sai da tukunya ta faɗa maka."

Ya rage gudu, ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun ba yau ba, ta zare ɗaya matashin ma. Sai ta ƙara da cewa Sallar bana tare za su tafi Bida.

Ya tambaye ta girkin fa, wa zai taya mutanen gida?

"Wane girki?" in ji ta. "Gidanku mata tara ne."