Na'ura Uku, Mace Ɗaya

A ofishin rabon hatsi na Kalley, shekara ta biyu da ɗaukewar ruwa, ina kallon wata siririyar mata mai gilashi ɗaure da zare. Ordinatar uku ne gabanta, na'urorin kwamfuta, taimakon ƙasashe uku. Tsarin da ke riƙe da sunayen ƙauyukan da ke jiran gero a ɗaya kawai yake aiki, ita kuwa kullum cikin lalacewa take.

Wani kaftin yana tsaye a kanta. "Madam Yelwa, rubuta wa kowace nata mana, mu huta."

"Ranka ya daɗe, kowane gyara sai na yi shi sau uku ke nan. Ran da na manta ɗaya, wani ƙauye zai kwana da yunwa."

Abin da take rubutawa kaɗan ne: kafin a harhaɗa tsarin, ya fara tambayar na'ura irinta da inda take ajiye kayanta, don tsari ɗaya ya yi aiki a duka ukun. Tana bin layi da gindin fensir, yadda aka koya mana a lakkol, makarantar mishan. Ina zaton ɗiyar malami ce.

Ta sa faifan cikin na'ura ta biyu, sunaye suka fara gangarowa. Kaftin ya ce madalla, a tashi a ci abinci. Ita kuwa ta ja kujerarta gaban ta uku.