Injin da Aka Tayar a Tudu

Jirgin ruwan ya shekara tara a kife a kangon da ke gefen gidanmu a Fagge. Awaki na kwana a ƙarƙashinsa, maƙwabta na shanya barkono a bayansa. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, shi ya ɗoro shi a tirela tun daga Baga, da niyyar saka shi a ruwan Tiga ya riƙa kwaso kifi. Ciwo ya riga shi. Injin kuwa, irin wanda ake ratayawa a gindin jirgi, yana ɗakina bayan gado, a naɗe cikin buhu.

Ni a bakin tafki aka haife ni. Kafin in iya ɗaurin ɗankwali na iya riƙe hannun inji. Amma a Kano ba wanda ya san haka. Abin da suka sani, ni ce matar da sai da ta aurar da 'ya'ya biyu sannan ta ɗauki littafi ta nufi makarantar manya. Don haka kowa malamina ne.

Da na ce zan ta da jirgin, ƙanin maigidana ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ɗan kasuwar atamfa ne, ruwan da ya fi sani shi ne na buta. Na ƙyale shi. Na samo kafinta na tsaya a kansa, muka cire katakon da gara ta ci, muka cusa auduga a tsagogi, muka bi da kwalta. Da abu ya fara kama da jirgi, sai bakin ƙanin maigidan nawa ya juya, wai “jirginmu”.

Wata Asabar na je gaisuwar rasuwa a Rijiyar Lemo. Na dawo na tarar da bayan gado wayam. 'Yata ta ce baffanta ne ya zo ya ɗauki injin, ya kai wa wani mai gyaran janareta a Sabon Gari. Ko mayafi ban cire ba na tari adaidaita.

Tun daga bakin layi na jiyo kukansa. Sun ɗaure shi a jikin benci, ƙafarsa na reto a iska, farfela na juyawa a banza, mai gyaran yana ta ƙara masa wuta, 'yan zaman kashe wando sun yi da'ira suna kallo. Ga ƙaurin roba.

Injin jirgi ba janareta ba ne. Ta ƙafarsa yake zuƙo ruwa ya sanyaya cikinsa, sannan ya tsartar da shi ta baya, siriri. Wanda ya tayar da shi a tudu ya yanka shi ne ba wuƙa.

Na ce, “Kashe shi.”

Mai gyaran ya washe baki. “Sannu da zuwa Hajiya. Kin ji murya? Ja ɗaya na yi masa.”

Na miƙa hannu na kashe da kaina.

Ƙanin maigidana ya ce, “Haba Yaya, a bar masu sana'a su yi sana'arsu. Injiniya ne fa, ga allonsa can.”

“Na karanta allon, ai an koya mini. Janareta aka rubuta, da injin markaɗe. Ina jirgi?”

Injiniya ya ce, “Inji ai inji ne, Hajiya.”

“Jaki dabba ne, kifi ma dabba ne. Ɗaure kifi a turke ka zuba masa dusa mu gani.”

'Yan kallo suka yi dariya, su da yanzu suke yi masa kirari. Injiniyan ya ɗora hannu a kan injin don ya nuna mini lafiya lau, ya janye da sauri yana yarfewa. Nan take wa'azi ya canza: inji ya tsufa, shi ya sa yake zafi, gara a sayar wa 'yan gwangwan a sayi sabo, ya ma san inda ake samu. Ƙanin maigidana ya gyaɗa kai, wai dama shi ya faɗa. Ban san wa ya faɗa wa ba.

Na kira mai kurar ruwa ya cika wani duro da ke wurin. Na sa suka tsoma ƙafar injin a ciki, na ja igiya. Ya tashi, amma ko ɗigo bai fito ta baya ba. Na kashe. Na tsaya a kan injiniya ina nuna masa notin da zai kwance, ɗaya bayan ɗaya, yana gumi. Robar nan mai fikafikai da ke tura ruwa ta narke ta zama kamar ƙanzo.

Sabon Gari kaf ba mai ita. Sai wani dattijon masunci a Tiga ne ya samo mini, shi kuma ya ɗaura. A ranar ruwa ya tsarto. Amma dattijon ya kasa kunne ya daɗe, sannan ya ce, “'Yar'uwa, wuta ta taɓa cikinsa. Zai ja, amma ba zai ja kaya irin na da ba. In za ki iya sabo, ki saya.”

Shi na saurara, don shi ya san abin da yake faɗa. Na kwana biyu ina juya maganar. Sabo zai fi ƙarfi, ban musa ba. Sai dai wannan na san tarinsa, na san lokacin da yake son hutu, kuma shekara tara a buhu ba su kashe shi ba, rabin sa'a a hannun masu ilimi ce ta raunata shi. Na ce a rataya shi haka, a rage lodi, ya yi iya kwanan da ya rage masa a kan ruwa.

Ranar da aka saka jirgin, ƙanin maigidana ya zo da babbar riga ya ce zai shiga. Na ce masa an rage lodi.