Shanyar da Baba ya yi mini a Bompai

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na yi aikin lantarki a wata masaƙa a Bompai. Lokacin ina ji da kaina, biro uku a aljihu, kowa sai "Injiniya".

Na yi wa Alhaji mai kamfanin alƙawarin cewa zanen yadi zai riƙa tafiya daga kwamfutar ofis zuwa injinan saƙa ta waya, ba sai an ɗauka da hannu ba. Ya ce ya ji, amma in abin ya ƙi, akwai wani daga Legas da ke jiran kujerata. Wata da watanni ina rubuta yadda injinan za su nemi zane, su karɓa, su amsa cewa ya iso. Duk na ɗura a wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da muke kira cif. Kowanne yana da 'yar tagar gilashi a bayansa da ake rufewa da takarda mai gam, domin in haske mai ƙarfi ya daɗe yana shiga, abin da ke ciki gogewa yake yi.

Ana gab da gwaji matata ta haihu a ƙauye. Na zuba cif ɗin a kwali tare da faifan da na ajiye asalin aikin, na miƙa wa dattijon da ke kula da sito, wanda duk muke kira Baba. Na tafi sai bayan suna.

Ina dawowa ya tare ni da fara'a. "Injiniya, barka da arziki! Ai Allah ya rufa asiri. Kana tafiya ruwan farko ya yaye kwanon sito, kwalinka ya sha ruwa."

Na ce, "Baba, ina kuka sa su?"

Ya nuna mini saman rumfa. Na hau tsani, sai ga cif ɗina jere a faranti, an shanya su kamar barkono, tagogi duk a buɗe suna kallon rana. Faifan kuwa ya kanannaɗe. Innalillahi!

"Takardun sun jiƙe, na ɓare su don rana ta shiga sosai," in ji shi daga ƙasa. "Kullum ni nake hawa da kaina, ban yarda kowa ya taɓa ba."

Na sauko da niyyar zazzaga masifa. Sai na ga yana dafe da gwiwa yana haki, mutumin da a haife ya haife ni, yana jiran in yaba. Sai na fasa. Na ce, "Sannunku da ƙoƙari, Baba."

Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wasu fayau, wasu shirme kawai suke fitarwa. Ranar gwaji Alhaji ya zo da baƙinsa, aka tura zane, injinan ko gezau. Ya tambayi dalili, na ce aikin ne ya lalace. Na san in na ambaci rumfa, mu biyu za mu tafi. Kafin la'asar an sallame ni.

A bakin get Baba ya riƙe hannuna, idonsa ya ciko. "Ka yi haƙuri, ɗana, haka Allah ya so. Amma mu dai mun yi iya yinmu. Ko ɗigon ruwa ban bari a cikinsu ba."

Na samu wani aikin a Sharada daga baya. Abin da har yau yake ɗaure mini kai shi ne, babu wanda ya taɓa yi mini ɓarna kamar tasa, kuma a kamfanin nan babu wanda ya ƙaunace ni kamarsa. Har Baba ya rasu yana ba mutane labarin yadda ya ceci kayan Injiniya, ni kuma duk sanda aka tambaye ni sai in ce haka ne.