Jirgin Goran Yaya Garba

A Toranke na tashi, a ɗakin kakata Iya Hansai, shekarun da gyaɗa ke da daraja. Bayan girbi aikinmu ɓara. Da an idar da sallar isha'i sai ta tura ƙirare a murhu, mu kewaye ƙwarya, hannu na aiki kunne na saurare. Tatsuniyoyi mun sha su, amma akwai labari guda da takan gyara zama kafin ta fara. Sai ta ce, "Wannan kam ba ta zo mu ji ta ba ce. Ina tsaye aka yi."

Yayanta Garba maƙeri ne a Kademi, yana taɓa gyaran keke. Wata rana jirgin Turawa ya wuce ƙasa-ƙasa ta kan garin. Kowa ya ruga ɗaki, shi ya tsaya yana kallo har ya ɓace. Daga nan ya fara tara gora a bayan maƙera. Ya ɗaure ta da igiyar fata, ya fitar da fikafikai, ya sa ƙafafun keke. Abin rufe fikafikan ya rasa.

"Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina," in ji Iya, "ya ce, 'Hansai, ke kaɗai ce ba ki yi min dariya ba.' Na ɗauko zannuwana na saƙi na ɗinke su, muka shafe su da ƙaro don kada iska ta ratsa."

Mahaifinsu ya ce masa, "Garba, Allah bai yi ɗan Adam da fiffike ba."

"Baba, bai yi shi da taya ba ma, ga shi muna hawa keke."

Tsohon ya juya ya shige gida.

Jirgin ba shi da inji, don haka aka ɗaura shi da doguwar igiya a jikin dokin abokinsa. Doki ya zabura a fako, jirgi ya yi ta tsalle, can ya ɗaga har ya wuce tsayin rumbu. Sai fiffiken hagu ya ƙwace, jirgin ya faɗo. Cinyar Garba ta karye, ɗori bai kama daidai ba, bai ƙara riƙe fartanya ba har ya rasu. Matarsa ta ɗauke wa Iya magana shekara da shekaru.

Na taɓa tambayar Iya ko ta yi nadama.

"Kuka dai na yi. Ina masa gashin ƙafa na ce, 'Yaya, me ka gani?' Ya ce ni ya hango, na dafe kai a bakin fako, ƙarama kamar 'yar tsana. Ƙafa a kumbure, shi kuwa dariya yake."

A lokacin mun ɗauka gargaɗi take mana, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi. Sai da na girma na lura ba ta taɓa faɗin haka ba, ba ta kuma taɓa kiransa mahaukaci ba.

Yanzu ɗana Auwalu ya cika min tsakar gida da bututun ƙarfe da tsohon injin babur, wai ƙaramin jirgi yake haɗawa. Maƙwabta na cewa, "Hajiya, ki hana shi." Na san abin da faɗuwa ke yi wa mutum da iyalinsa. Na dai sa shi ya yi min alkawari ba zai hau ba sai masu sanin abin sun duba. Ban hana shi ba, kuma tsoro bai bar ni ba. Da safe nakan kai masa koko inda yake walda, in ɗan tsaya ina kallo.