Guron Inna Dije

Har gobe ban manta da ranar da na sa aka share lambun Inna Dije ba. Da kaka ne, shekarar da aka samu 'yancin kai, ina ƙaramin malamin gona a ƙasar Bagudo. Aikina shi ne in bi ƙauyuka a kan keke ina koya wa mutane shuka kayan lambu a bayan gida. Ofis ke ba mu iri a 'yan takardu, kabeji da latas da karas, sannan babban malamin gona ya zo rangadi ya duba abin da muka yi. Ni kuwa a lokacin ji nake duk ilimin noma a aljihuna yake.

Inna Dije tsohuwa ce a Zagga, mijinta ya rasu, tana zaune da jikoki. Lambunta ya fi na kowa kyawun ƙasa, ga rijiya kusa, don haka na zaɓe shi a nuna wa babban malami. Sai dai a tsakiyarsa akwai busassun karan kuɓewa, wadda mutanen nan ke kira guro, duk sun yi baƙi sun tsage.

Na ce a cire su. Ta ce, "Malam, wanga iri na. Da shi uwata ta taho daga Dahome sadda anka kawo ta aure. Kowace shekara sai na bar mai ɗiya."

Na ce, "Inna, gwamnati za ta ba ki wanda ya fi shi."

Ranar da ta tafi kasuwa na sa aka tumɓuke, aka tara da ciyawa, aka cinna wuta. Muka ja kunya a miƙe da igiya, muka shuka kabeji. Babban malami ya zo, ya yaba, ya rubuta sunana a littafinsa.

Kabejin ya yi kyau, ba ƙarya. Ta dafa shi yadda na nuna mata, jikoki suka ci. Da bazara ta matso sai ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce, "Malam, kabejin nan naka, ina ɗiyanai? Mi za ni shibkawa baɗi?"

Kabeji ba ya fidda iri a zafin ƙasarmu, na san haka tun a makaranta, ban taɓa gaya mata ba. Shekara mai zuwa sai in ofis ya aiko. Abin da uwa ta miƙa wa 'ya na shekaru, ni na ƙone shi da ashana ɗaya. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na nemi hutun kwana uku. Na haye kogin Kwara da kekena a cikin jirgin ruwa, na bi hanya har ƙauyen uwarta a tsallaken iyaka, ina tambaya da guntun Dandancina, yaren mutanen can. Wata tsohuwa ta ɗaure min iri a tsumma. Muka shuka da ruwan farko, ya fito, ya yi 'ya'ya.

Ranar da ta yi miyar farko ta aiko a kira ni. Ta zuba min a kan tuwon dawa, ita ma ta ɗanɗana. Can ta ce, "Ba shi na ba, ɗana. Namu ya hi wanga yauƙi, gajere na. Amma ka yi tahiya, Allah shi yi ma albarka."

Ta rasu bayan damina biyu. Na yi shekaru masu yawa a aikin nan, na horar da malamai da dama, kuma abu na farko da nake gaya wa kowane sabo shi ne, in ka ga busasshen kara a lambun mutum, ka tambaye shi dalilin da ya bar shi kafin ka taɓa. Har na bar aiki ina duba kuɓewa a kasuwannin bakin iyaka, ko zan ga gajera mai yauƙin nan. Ban gan ta ba.