Kunnen da Ba Ya Ƙarya

Mai Kunne ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shekara talatin yana dafa bakin sukundireba a jikin inji, ya kara mariƙin a kunne, ya lumshe ido ya faɗi ciwon mota. Da wannan kunnen ya gina gida, da shi ya raini ƙanensa Auta, ya koya masa riƙon sifana.

Sai ga Auta ya kama rumfar da ke jikin tasa, katangar kwano ɗaya ce tsakaninsu. Ba ya shiga ƙarƙashin mota. Zama yake a kujerar direba da farar riga, ya jona kwamfuta ƙasan sitiyari, wai yana saita wa ƙwaƙwalwar inji yadda za ta amsa totur. Masu motocin zamani masu injin turbo suka koma can. Mai Kunne kishi yake, har abinci ya daina yi masa daɗi.

“Bakanike babu baƙin mai a farce?” in ji shi. “Akawu dai.”

Likita kaɗai ya rage masa cikin manyan kwastomomi. Ran nan ya kawo sabuwar motarsa: in an taka totur sai ta yi jim, sannan ta zabura. Mai Kunne ya nemi wayar totur ya ja, ya tarar motar ba ta da ita. Ya kwance maƙogwaron iska ya wanke tas, abin ya ƙaru, don sai an sake koya wa ƙwaƙwalwar matsayinsa. Taku biyar ne zuwa wurin Auta. Kwana uku ya ƙi yin su.

Rana ta huɗu Likita ya ce, “Malam, ka yi haƙuri,” ya sa aka tura motar maƙwabta.

Ko shayin Mai Kunne bai huce ba ya ji an tayar da ita. Ya ji Auta yana cewa, “Ai Yaya ne ya yi aikin, ni ƙarasawa na yi.” Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Ya matsa ya manna kunne a jikin kwanon, yana fatan ya ji injin ya shaƙe, ko ya yi ɗan tari, abin da zai riƙe ya kwana da shi. Aka taka totur, turbo ta ɗauka sumul. Aka sake takawa.

Ya daɗe a tsaye. Kunnen bai taɓa yi masa ƙarya ba, yau ma ya ƙi.