Hamidu Direban Tsofaffi

'Yan kabu-kabun bakin tasha ne suka raɗa masa sunan, sunan kuma ya bi shi. Duk hantsi za ka gan shi a wani lungu na Illela, dogo siriri, furfura tsilli-tsilli a gemu, wani tsoho ko tsohuwa na riƙe da damtsensa, suna tafiya kamar masu taka ƙwai. Sai masu babur su ɗaga murya: "Direba, a ba ta wuta mana!" Hamidu ya yi dariya, ya ɗaga musu hannun da ke sake. Mutumin da ya daɗe yana wanke gyambo a asibitin karkara, tsokanar 'yan babur ko a jikinsa.

Shi ne ɗan farin Hajiya Ramatu. Ana yaye shi aka kai shi Tozai wurin kakarsa, yadda aka saba yi wa ɗan fari. Can ya yi allo, ya yi firamare, ya koyi noman gero. Idan aka kawo shi Illela da salla, da ya yi sallama uwarsa za ta tashi daga tsakar gida ta shige ɗaki. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko kuma "baƙon Tozai". Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce irin ta matan da, wadda ake yaba mace a kanta. Duk salla sabuwar riga takan isa Tozai ba a faɗi wanda ya aiko ba, kowa kuma ya sani. Hamidu ma ya sani. Amma ya san yadda ƙirjinsa ke yi idan ya hango ƙanensa Mukhtari kwance a cinyarta tana cire masa ƙaya. Abin ya yi masa ciwo, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Ita kuwa Hajiya Ramatu, mace ce doguwa mai jiki, wadda zama bai karɓe ta ba. Daddawa da kuka take ɗorawa a ka ta tsallaka iyaka zuwa Ƙonni, ta dawo da dabino da turamen atamfa, sefa ƙulle a bakin zane. A ƙafa take zuwa, a ƙafa take dawowa. Ko da babura suka cika gari, cewa ta yi ita ba za ta biya kuɗinta a girgiza mata hanji ba. Da wannan ƙafar ta aurar da 'ya'yanta bayan rasuwar mahaifinsu, da ita ta je Makka.

Hamidu ya zama ma'aikacin lafiya, ya yi aure, ya haifa. Sai da ya ba arba'in baya sannan wani kwaɗayin karatu ya taso masa, ya koma Sakkwato ya karanci gashin ƙashi, wato aikin motsa gaɓoɓin da suka sage. A aji, yaran da suka yi sa'ar 'ya'yansa suna ce masa Baba, suna kuma kwafar aikinsa ba kunya.

Yana dawowa gida gigin tsufa ya fara taɓa Hajiya. Da ƙananan abubuwa ya soma: gishiri sau biyu a miya, azahar a maimaita ta. Daga nan sai ta riƙa ɗaukar kwano babu komai a ciki ta ce za ta Ƙonni, alhali ta daɗe da barin fatauci. Wata rana da bazara ta fice bayan karin kumallo ba wanda ya gani. Sai wajen la'asar Mukhtari ya same ta zaune a wata gona kan hanyar Gidan Katta, ba takalmi, leɓɓanta sun tsattsage. Ya goyo ta yana kuka har bakin titi. Kafin ya kwanta ranar ya sayo kwaɗo ya saka a ƙofar sashenta, babu kuma mai ganin laifinsa.

Da farko ta yi ta bugun ƙofar tana faɗa. Daga baya ta daina, ta zauna a tabarma. Autarta Mahbuba, da ke aure a maƙwabta, ita ke zuwa ta yi mata wanka ta ba ta abinci. Ba a jima ba Hajiya ta koma sai ta dafa bango take miƙewa, daga baya ko da bangon abin ya gagara. Hamidu ya san inda wannan hanya take kaiwa, don ya sha ganin ƙarshenta a asibiti. Gwiwa za ta ƙage, tsoho ya koma kwance, gyambon kwanciya ya buɗe a baya. In ba a tayar da Hajiya ta taka ƙasa ba, nan da ɗan lokaci ba mai iya tayar da ita.

Cikin wannan hali wata malamarsa ta turo masa sanarwa a waya. Wata gidauniya ce ke neman sababbin masu bincike da za ta tallafa wa, a kan tafiya da motsin tsofaffi masu gigin tsufa. Hamidu ya shafa gemunsa ya yi dariya, wai shi ne sabo. Malamar ta ce daga ranar gama karatu ake lissafi, ba daga ranar suna ba. Haka ya zauna yana rubutu tsakanin majinyaci da majinyaci, wayarsa na tsalle tana kamo layin Nijar duk lokacin da ya fi bukatarta. Tambayarsa ba ta da wani ado. Gidaje da yawa a Illela da ƙauyukanta suna kulle tsofaffinsu don tsoron ɓata. To idan aka samu mai riƙe su kullum da safe, a bi da su hanyar da ƙafarsu ta saba, ƙarfin ƙafar zai daɗe? Faɗuwa za ta ragu? Za su daina bugun ƙofa?

Aka ba shi tallafin. Aka ɗauke masa aikin asibiti na shekara biyu, aka haɗa shi da mai duba aikinsa a jami'a, aka ba shi abin horar da 'yan rakiya. Uwarsa ba ta cikin binciken, don ƙa'ida ta hana mutum saka nasa. Amma duk wanda ya san gidan ya san don wa aka yi wannan wahala. Ranar da saƙon ya zo, bai wuce ko'ina ba sai shagon Mukhtari.

"Yaya, ni niɗ ɗauko ta cikin gonag ga," in ji Mukhtari. "Ba ka ga bakinta ba rannan."

"Ban ce a sake ta ba. Cewa niy yi a riƙa hita da ita."

"Da wa? Mahbuba ta gwada, sunka hwaɗi su biyu, ga ta da ciki. Ni kullum ina bisa hanya da kaya." Ya ciro makulli ya ajiye kan tebur. "In kai za ka riƙe ta da hannunka, ga shi. In ba kai na ba, ƙohwag ga ba ta buɗuwa."

Su biyun sun san inda gizo ke saƙa: kunyar ɗan fari. Washegari Hamidu ya buɗe kwaɗon ya yi sallama. Matar da ba ta iya tuna ko ta karya kumallo, tana jin muryarsa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa bango.

"Mahbuba," ta ce ƙasa-ƙasa, "ce ma baƙon Tozai shi koma zaure, a kai mai hura."

Ya dawo jibi, ya dawo gata, labarin bai sake ba. Da dabara ta ƙare masa sai ya yi abin da ya fi kama da na yara. Ya saka farar rigar asibiti, ya ɗaura takunkumi a baki, ya aro tabarau, ya shigo yana kauri da murya wai shi likita ne daga Sakkwato. Hajiya ba ta ko ɗaga kai ba. Yatsun ƙafarsa kawai ta kalla.

"Wancan na," ta ce. "Mi yas same shi ga baki?"

Mahbuba ta yi dariya har ta riƙe ciki. Hamidu ya koma zaure ya cire takunkumin ya sha furarsa, kuma gaskiyar magana furar ta yi masa daɗi. Ta manta unguwarsu, ta manta ranar kasuwa, amma shi ta gane shi da yatsun ƙafa. Sai dai wannan daɗin bai lanƙwasa gwiwar kowa ba.

Aikin bincike ya ci gaba da tafiyarsa, wani wuri da daɗi wani wuri babu. Wata tsohuwa a Darna Sabon Gari ta daina kukan yamma tun da aka fara kai ta bakin rijiya. Wani tsohon malami ya ƙi a riƙe masa hannu, ya ce shi ba makaho ba ne, sai aka koma bin sa a baya kamar ɗalibai. Wani ya faɗi ya gurɗe, iyalinsa suka janye shi. Hamidu ya rubuta duka yadda suka faru. Tsokana ɗaya ce ta taɓa shi, ranar da ya ji wata mata na cewa, "Yana yawo da iyayen mutane, tashi uwar na kulle." Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Ya koya wa Mahbuba yadda za ta riƙa murza gwiwoyin tana lanƙwasa su a kan tabarma, don a sayi lokaci. Damina ta shigo ta fita. Hajiya ta fara kiran Mahbuba da "Yaya", tana tambayar ko innarsu ta dawo daga daji. Shi dai bai fasa ba. Kullum kafin ya je wurin tsofaffin mutane sai ya buɗe kwaɗon ya yi sallama, a kore shi zaure.

Wata safiya da kaka, ana jin sussukar gero daga maƙwabta, ya yi sallama kamar kullum. Hajiya ta amsa da ƙarfi, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Bai taɓa ganin idanunta kai tsaye ba. Ashe akwai 'yar farar yana a idon hagu.

"Shigo, Malam. Kai na likita?"

Mahbuba ta buɗe baki, "Inna, ai wanga..." Hamidu ya girgiza mata kai, ta toshe bakinta da gefen mayafi. Ya gane abin da ya faru tun kafin ya tsallaka dokin ƙofa: ta manta shi. Abin da ya daɗe yana roƙo ne ya samu, ta hanyar da bai taɓa so ba.

"Ni na, Hajiya. Na zo mu ɗan taka."

"To ɗaga ni, ɗana. Ƙahwahun ga sun ƙi ni."

Ya durƙusa ya saka hannu a ƙarƙashin hammatarta yadda yake yi wa kowa, ya ce ta dafa kafaɗarsa. Sau biyu tana komawa zaune, a na uku ta miƙe tana rawa, ta damƙe damtsensa. Tafinta na da kaushi da ɗumi. Suka ja ƙafa suka wuce ƙofar, suka ratsa zaure, suka fito rana. Ta tsaya ta lumshe ido tana haki, sannan ta fara faɗan yadda aka bar kwata ta ɓata hanya.

Sun ɗan taɓa tafiya a jikin katanga sai ta juyo.

"Mi as sunanka?"

"Hamidu."

"Hamidu," ta maimaita, ba gargada, kamar sunan kowane ɗan mutane. "Hamidu, kana da hannu mai kyau. Uwarka na da rai?"

"Tana da rai, Hajiya."

"To Allah shi bar ma ita."

Ya ce amin. Hawaye na gangarowa cikin gemunsa, ba hannun sharewa, don duka biyun suna riƙe da ita.

"Riƙe ni da kyau, Hamidu," ta ce. "Mu kai wurin iccen can."